Na ɗauki kayan haya a doguwar tafiya don in rage kuɗin mai, ga yadda ta kaya

Tunda na dawo mutum uku ke nan suna tambayata abu ɗaya, wai ya ake yi mutum ya samu kayan da zai ɗauka in zai yi doguwar tafiya da mota ba komai a ciki, kuma wai da gaske ana samun kuɗi. Na gaji da maimaita labarin a waya shi yasa nace bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya tun daga farko, wanda zai yi ya shiga da idonsa a buɗe. Ni dai kafinta ne ba direban haya ba, ina da ƙaramar motar kaya mai rufaffen bodi da nake kai wa mutane gadaje da kujeru. Na sayi wani injin goge katako a wani gari mai nisa, kilomita 1,100 tsakaninmu, kuma dole in je da kaina in gwada shi kafin in ɗauko. Dawowa akwai injin a mota, amma zuwa fa iska kawai zan ɗauka. Motata in ba kaya tana shan lita 10 a kowane kilomita 100, kenan lita 110 zuwa kawai. Nan ne tunanin ya zo min, nace tafiyar nan ko da kaya ko babu sai na yi ta, to duk abin da aka biya ni ai riba ce zalla. Wannan lissafin shi ne kuskurena na farko. Kuma duk kuɗin da zan ambata a nan zan faɗe shi ne da litar mai, don farashi yana canzawa kuma kowa da kuɗin ƙasarsa, amma lita kowane mai mota ya san nauyinta a aljihunsa.

Na fara da intanet, na saka sanarwa a wasu zauruka na Facebook da WhatsApp inda masu kaya da masu motoci ke haɗuwa, na faɗi girman mota da ranar tashi. Kafin yamma wani ya kira ni, muryarsa a natse kamar mutumin kirki, yace jakunkuna shida ne kawai kuma zai biya ni abin da ya kai kuɗin lita 150. Raina har ya fara biyawa. Nace to menene a ciki, yace kayan gida ne. Nace zan buɗe in gani a gabansa kafin a saka min a mota, sai yace a'a an riga an ɗinke su kuma mai su ba ya son a taɓa, ya ƙara min kuɗi ma a kai. Wannan ƙarin da ya yi shi ya sa jikina ya yi sanyi. Jakar da ba za a buɗe ba, ba rasit, ba sunan mai karɓa sai lambar waya da za a turo min in na kusa isa, in aka tare ni a hanya aka samu wani mugun abu a ciki ni za a tambaya, ba mai muryar kirki ba. Na ba shi haƙuri na kashe waya. Sauran waɗanda suka kira kuma ko dai kayan sun fi ƙarfin motata, ko suna son in biya wani kuɗin rajista tukuna kafin su haɗa ni da mai kaya, wanda shi ma na gane hanyar raba mutum da kuɗinsa ce kawai.

Rana ta uku na haƙura da waya na tafi inda manyan motoci ke jiran lodi, aka nuna min wani dattijo dillali da ke zaune da littafi da wayoyi biyu. Na gaishe shi na faɗi buƙatata, ya kalli motar daga nesa yace, "Ɗana, tan nawa take ɗauka?" Nace Baba ai tana ɗaukar kaya sosai, na taɓa cika ta har rufi. Yayi dariya yace ba cika ya tambaye ni ba, nauyi ya tambaya. Gaskiya ban sani ba, shekara huɗu ina tuƙa motar ban taɓa sanin adadin ba. Yace in je in sani in dawo, kuma la'adarsa kashi 10 cikin 100 ce na kuɗin haya, ana cirewa daga kafin alƙalami. Washegari ya kira ni yace an samu wani Alhaji mai sayar da kayan gini yana son a kai tayil katan 48 wani gini a garin da zan je, babbar mota ta yi masa yawa, kuma mai kayan yace duka-duka ba su kai tan ɗaya ba. Muka yi ciniki a waya aka tsaya a kan abin da ya kai kuɗin lita 200, rabi kafin tashi rabi in an sauke. A zuciyata nace shikenan man zuwa ya fita har da rarar na dawowa.

Wani abokina da ya taɓa aiki a kamfanin sufuri shi ya tsayar da ni, yace kafin in ɗora ko katan ɗaya in je wajen masu inshorata. Na je ofishinsu da safe, na zauna wajen awa ɗaya da rabi kafin a kira ni, wata mata ce ta duba takardata. Ta juyo da ita ta nuna min layin da ban taɓa karantawa ba, inda aka rubuta cewa motar don ɗaukar kayana ne na sana'ata, ba don ɗaukar kayan wasu a biya ni ba. Tace, "Malam, da ka yi hatsari da kayan haya a ciki, da wuya mu biya ko sisi." Ta kuma bayyana min cewa abu biyu ne daban, inshorar mota daban, inshorar kayan da ke cikin mota daban, ta farkon ba ruwanta da tayil ɗin Alhaji ko da sun farfashe duka. Ta nemi takardun mota, lasisina, da rasit ɗin kayan mai nuna darajarsu, wanda ba ni da shi, sai da na kira dillali ya sa aka turo min hotonsa a waya, wani zaman awa ɗaya kenan. Gyaran takardar motar da inshorar kaya ta tafiya ɗaya suka ci kuɗin lita 22. Sannan ta ja hankalina a kan sharuɗɗa biyu, na ɗaya akwai wani adadi na farko na kowace asara da ni zan ɗauka da kaina kafin su fara biya, na biyu in na bar motar da dare a inda ba maigadi ko shinge aka sace kayan, ba su ciki.

Ita ce kuma ta faɗa min abin da ya fi amfanata a duk tafiyar. Tace in na karɓi kaya, duk wani lahani da na gani a jikinsu in rubuta a takardar kaya kafin in sa hannu. Ta ba ni misali da yarjejeniyar CMR da aka ƙulla a birnin Janiba (Geneva) a 1956, wadda ƙasashe da yawa ke bi wajen jigilar kaya a mota tsakanin ƙasa da ƙasa, a cikinta in direba bai rubuta wani ƙorafi a takardar ba, ana ɗauka cewa ya karɓi kayan lafiya lau kuma adadinsu daidai yake da abin da aka rubuta. Ni tafiyata ba ta tsallaka iyaka ba, amma tace ko ina ne haka masu kaya da masu inshora ke kallon abin, abin da ba a rubuta ba a wuyan direba yake.

Daga nan sai ofishin da ke kula da lasisin motoci, don ita ma tace in tambaya ko ana buƙatar izinin ɗaukar kayan haya. Nan na sha wahala ba don komai ba sai don rashin sanin tagar da zan tsaya. Na bi layi na kusan awa ɗaya, da na isa aka ce nan sabunta takardu ake yi, in koma ɗaya ginin. Can kuma aka ce sai an duba lafiyar motar tukuna, mai dubawar kuma ya fita sai bayan azahar. Haka na wuni. An duba birki, fitilu, sitiyari, tayoyi, an tambayi abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a bayan mota in ta lalace. Izinin da duba motar suka tashi a kuɗin lita 15, aka ce in dawo washegari in karɓa. Wannan matakin kam kowace ƙasa da dokarta, wani wuri ƙaramar mota ba ta buƙatar komai, wani wuri sai da rajista ta musamman, saboda haka kar wanda ya ɗauki nawa ya yi aiki da shi, ya je da ƙafarsa ya tambaya kuma ya fara tambayar maigadin ƙofa wace taga ce kafin ya shiga layi. Abu ɗaya da na ƙaru da shi a wurin, lasisin ƙaramar mota da ake kira rukunin B a ƙasashen da ke bin yarjejeniyar dokokin hanya ta birnin Biyana (Vienna) ta 1968 iyakarsa mota mai nauyin kilo 3,500 ne har da kayanta. Motata a daidai kan wannan iyakar take.

Mai duba motar ne ya nuna min ɗan farantin ƙarfe da ke jikin ƙofar direba, wanda kullum nake wucewa ta kansa. A jiki an buga 3,500, wato iyakar nauyin motar gaba ɗaya, ita da mai da mutane da kaya. Ƙasa da shi akwai 1,850 na ƙafar gaba da 2,000 na ƙafar baya. Sai ya duƙa ya kalli tayoyin baya ya girgiza kai. Ashe lambar da ke bayan girman taya ita ke faɗin nauyin da za ta iya ɗauka. Na gaba an rubuta 109, wato kilo 1,030 kowace ɗaya, kuma akwai harafin C da ke nuna tayar motar kaya ce. Na bayan kuwa, da na saya bara saboda araha, 98 ne a jiki, wato kilo 750 kowace, tayar ƙaramar motar hawa ce mai girma iri ɗaya. Biyun a haɗe kilo 1,500 ke nan a ƙafar da aka yi ta don 2,000. Gado da kujera ba su da nauyi shi yasa ban taɓa ganin illar ba. Ya kuma nuna min lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT a jikin taya, masu nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, tayata ta ko-ta-kwana 2317 ce, wato mako na 23 a 2017, duk ta tsattsage a gefe. Dole na sayi tayoyi biyu sababbi na mayar da ɗaya daga cikin tsofaffin ta zama ta ko-ta-kwana. Kuɗinsu ban saka a lissafin tafiyar ba don ko ba tafiyar ya kamata in canza su, amma a makon suka fita daga aljihuna.

Ranar lodi na cika tanki, na ɗauki ɗan yayata da zai raka ni, da akwatin kayan aiki da jak da jarkar ruwa, muka fara biyawa ta wajen sikelin awon motoci. Ba kaya, motar ta nuna kilo 2,290. In ka cire daga 3,500 saura 1,210, wannan shi ne amsar tambayar da Baba dillali ya yi min. Muka isa sito ƙarfe takwas kamar yadda aka ce, ba a waiwaye mu ba sai wajen sha ɗaya saboda manyan motoci biyu na gabanmu. Da aka fito da kayan na duba jikin katan, tayil ne mai 60 da 60, guda huɗu a katan, an rubuta kilo 30. Na ciro waya na buga 48 sau 30, ya ba ni 1,440. Kayan da aka ce ba su kai tan ɗaya ba sun kusa tan ɗaya da rabi, sun haura ƙarfin motata da kilo 230. A ido kuwa ko rabin bodi ba za su cika ba, da ban je sikeli ba wallahi da murna zan kwashe su ina cewa ai ga wuri ma ya rage. Na kira Alhaji nace ranka ya daɗe katan 38 kawai zan iya ɗauka. Ya fara faɗa, wai direbobi nawa ke ɗaukar fiye da haka ba abin da ya same su. Nace haka ne Alhaji, amma in taya ta fashe a gangara tayil ɗinka ne za su zama tsakuwa, kuma masu inshora ba sa biyan motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima. Sai da dillali ya shiga tsakani aka daidaita a kan kuɗin lita 160, sauran goman a haɗa su da wata mota.

'Yan dako suka zuba kayan a bakin ƙofar baya don ya fi musu sauƙi, kuma a kwance, katan kan katan. Wani tsoho a cikinsu ne yace a tayar da su a tsaye a kan gefensu, a jingina su da juna kamar littattafai, don tayil a kwance in mota ta faɗa rami na ƙasa ne ke tsagewa. Aka sake jerawa. Ina kallo na ga katan biyu da kusurwarsu ta lotse, na girgiza ɗaya na ji ƙara a ciki. Akawun sito ya miƙo min takardar kaya an riga an rubuta katan 38 lafiya lau, yana ta duba agogo. Nace sai an rubuta cewa biyu sun lotse. Yace haba Malam kwali ne kawai. Nace to in kwali ne kawai ai rubutawar ba za ta cutar da kowa ba. Ya rubuta yana tsaki, na ɗauki hoton katan biyun da lambar motata a bayansu, na ɗauki hoton takardar, muka sa hannu, ya ba ni kwafi biyu. Da kuɗin kafin alƙalami suka shigo, dillali ya cire lita 16 ɗinsa nan take. Abin da ban yi ba, kuma na yi da-na-sani, ban sa an rubuta wanda zai biya masu sauke kaya ba, ban sa an rubuta awa nawa zan jira in ba a zo karɓa ba, kuma lambar mutum ɗaya tal na karɓa a can.

Muka koma sikeli, jimla 3,430, na ji daɗi. Sai mai awon yace in hau da ƙafar baya kaɗai, ta nuna 2,080, ta haura da kilo 80 duk da jimlar ba ta haura ba, saboda kayan sun taru a baya. Ni da yaron nan muka tsaya a gefen hanya cikin rana muka matsar da katan 38 ɗaya bayan ɗaya zuwa jikin bangon da ke bayan kujerar direba, kilo 30 sau 38, har yanzu in na tuna bayana sai ya amsa. Awo na uku gaba 1,560 baya 1,870. Awo ukun sun ci kuɗin lita 6. Matsarwar ma tana da wani amfanin, kaya in suna manne da bangon gaba ba su da filin da za su taho da gudu in aka taka birki. Ƙa'idar ɗaure kaya da ake bi a Turai tana lissafin cewa a birki mai ƙarfi kaya na tunkuɗo gaba da ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsu, nawa kilo 1,140 ne, kenan sama da kilo 900 ne zai nufo bayan wuyanmu. Igiyar da nake ɗaure gado da ita ba za ta riƙe wannan ba. Na sayi bel huɗu masu ƙugiya da abin ɗamewa, a jikin kowanne akwai ƙyalle da aka rubuta LC da adadin da zai iya riƙewa, da shimfiɗar roba da katakan tokare, duka kuɗin lita 14.

Ba mu tashi ba sai washegari da asuba. Abu na farko da na lura motar ta zama wata daban, totur ba ya amsawa kamar da, birki kuma sai na fara taka shi tun daga nesa, a kwana kuma sai ka ji kamar wani yana tura ka daga baya. Bayan kilomita 50 na tsaya na duba, bel biyu sun saki saboda kayan sun zauna, na ƙara ɗame su, daga nan duk tsayuwa sai na taɓa su. A wata doguwar gangara na yi wauta na riƙe birki da ƙafa har na fara jin ƙauri, yaron yace, "Kawu, wani abu na ƙonewa fa." Na samu wuri na tsaya muka jira ya huce, daga nan na koma sauka da ƙaramar giya injin yana riƙe motar. Tayoyin ma da rana sun yi zafi iskarsu ta ƙaru, na so in rage, sai na tuna mai faci ya gargaɗe ni cewa iskar taya da sanyi ake auna ta, in ka sace ta da zafi to in ta huce za ta zama ba ta kai ba, kuma taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin nauyi ita ce ke fashewa. Wajen hutu na ari dokar direbobin manyan motoci ta Tarayyar Turai, hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kuma kar a wuce awa tara a rana. Ba ta hau kaina ba, amma na ga waɗanda suka tsara ta sun san abin da gyangyaɗi ke yi. An tsayar da mu a shingen bincike sau da dama, duk inda na miƙa takardar kaya da rasit da izini tare a cikin fayil ɗaya ba a daɗe ana riƙe mu ba, wuri ɗaya ne aka sa na buɗe baya aka ƙirga. Dare ya yi mana bayan kilomita 600 da wani abu, na nemi wurin ajiye motoci mai shinge da maigadi na biya, na karɓi rasit saboda sharaɗin masu inshora, na juya ƙofar baya ta manne da bango.

Mun shiga garin washegari da la'asar sakaliya. Na kira mai karɓar kaya, waya a kashe. Na kira har sau goma. Muka lalubo ginin da kwatance, maigadi yace ma'aikata sun tashi, shi kuma ba a ba shi izinin karɓar komai ba. Alhaji a can yace in yi haƙuri zai neme shi. Haka muka sake kwana a wurin ajiye motoci, ga kayan mutane a wuyana ba halin in tafi wajen injina da su. Kwana biyun nan, wurin mota da wurin kwanciyarmu na daren da bai kamata mu yi ba, sun ci lita 12. Sai ƙarfe goma na safe mutumin ya bayyana ko a jikinsa, yace to a sauke. Nace ina masu saukewa, yace ai direba ne ke kawo kaya har ƙasa. Na duba takarda ba abin da ta ce a kan haka, na kira dillali yace wannan tsakaninku ne. Na nemo samari uku na biya su kuɗin lita 8. Aka buɗe katan ɗaya bayan ɗaya, uku ne aka samu da fashi. Ya fara cewa za a cire kuɗin uku, na nuna masa rubutun akawu da hotuna, ya yi shiru ya kira Alhaji, aka tsaya a kan ɗaya. Wannan ɗayan kam nawa ne, na ƙarshen layi ne da ƙugiyar bel ta danne wa kusurwa, da na sa ɗan kwali ko katako a ƙarƙashin bel ɗin da bai fashe ba. Kuɗinsa lita 7, bai kai adadin da masu inshora ke fara biya daga kansa ba, saboda haka daga aljihuna. Na sa ya rubuta ya karɓi katan 38, da kwanan wata da lokaci da sunansa, ya sa hannu a kwafi biyu na riƙe ɗaya. Cikon kuɗin da aka ce in an sauke za a turo, sai bayan kwana tara ya shigo, bayan na kira har na fara jin kunya, kuma hoton wannan takardar mai sa hannu na riƙa turawa.

Da na zauna lissafi, mai ma ya ƙaru, motar ta koma shan lita 12 da rabi a kilomita 100, ƙarin lita 28 kenan a tafiyar. In ka haɗa la'ada 16, inshora 22, izini 15, sikeli 6, bel 14, ƙarin mai 28, kwana 12, masu saukewa 8, katan da ya fashe 7, ya kama 128. An biya ni 160. Abin da ya rage min kuɗin lita 32 ne, a tafiyar da nake mafarkin za ta biya min lita 110 har da rara, ban da kwana huɗu da na rufe shago ina yawon ofisoshi. Ban ce asara na yi ba, bel ɗin nawa ne yanzu, izinin ma yana nan da sauran wa'adinsa, in na sake yi waɗannan 29 ɗin ba za su fita ba, in kuma na gyara maganar saukewa da jira abin zai iya kaiwa 80. Ga wanda yake bin hanya ɗaya a kai a kai abin yana da ma'ana. Wanda kuwa sau ɗaya zai yi, ya zauna da biro tukuna, kuma ya saka kwanakinsa a lissafin.

In da zan sake daga farko, sikeli zan fara zuwa kafin in yi magana da kowane dillali, don in faɗi adadi da bakina a yi ciniki a kansa, kuma duk wanda yace min kayansa ba su kai kaza ba sai in tambayi nauyin katan ɗaya in buga da kaina. Inshora da izini zan gama su mako guda kafin tafiya ba ana jirana ba. A takardar kaya kuma sai an rubuta wanda zai yi lodi da wanda zai sauke, lokacin da wurin ke rufewa, lambar mutum biyu a can, kuɗin jira in an wuce awa uku, da cewa za a biya ciko kafin katan na ƙarshe ya sauka. Kayan da ke fashewa ma ba zan sake karɓarsu a farashin kayan da ba sa fashewa ba. Injin nawa dai na ɗauko shi lafiya, kilo 420 ne, na manna shi da bangon gaba na ɗaure da bel huɗun nan. Ina cikin lodinsa wani a wurin yake tambayata ko zan rage masa hanya da buhu goma na wani garin sinadari tunda akwai wuri, na tambaye shi kilo nawa ne buhu ɗaya kuma ina takardarsa, yace bari ya je ya dawo, na jira shi minti ashirin bai dawo ba muka kama hanya.